Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Allon Silalom na Zamiyar Ruwa da Daidaita Takalmansa

Wanda ya fara zamiya a kan ruwa da alluna biyu, jirgi yana jansa da igiya, ya saba, har ya kai ga sakin ɗaya yana tafiya a kan ɗaya, ba ya daɗewa sai tambayar sayen allo nasa na kansa ta taso. A nan ne ruɗani yake farawa, domin allunan suna kama da juna a ido, amma halinsu a cikin ruwa ya sha bamban. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a wannan mataki.

Me ya raba allon silalom da sauran allunan zamiyar ruwa?

Allon silalom guda ɗaya ne, ana ɗora ƙafafu biyu a kansa, ɗaya a gaban ɗaya a kan layi guda. Gabansa yana da faɗi, wutsiyarsa siririya ce, kuma a ƙarƙashin wutsiyar akwai wani falle na ƙarfe mai kama da ruwan wuƙa, wanda yake riƙe ruwa ya hana bayan allon zamewa idan an kwanta a gefe. A wannan rubutu za a riƙa kiransa wuƙar wutsiya. An ƙera allon ne domin ya yanka ruwa da gefensa, ya tsallake taguwar da jirgi yake bari a bayansa da gudu, ya rage gudun nan take, sannan ya juyo.

Lokacin da Ralph Samuelson ya fara wannan wasa a tafkin Pepin da ke jihar Minesota ta Amurka a shekarar 1922, katako biyu ya yi amfani da su, kowanne kusan mita biyu da rabi, ya kafa musu tsirin fata domin riƙe ƙafa. Allon babban mutum na yau bai cika wuce inci 71 ba, kuma abin da ke riƙe ƙafar, wato takalmin da ake ɗaurewa a jikin allon, ya zama wata sana'a mai zaman kanta.

Ban yi niyyar shiga gasa ba. Me ya sa ake cewa in san yadda filin gasar yake kafin in sayi allo?

Saboda masu ƙera allo da filin suke auna aikinsu, kuma bayanin da suke rubutawa a kan kowane allo da harshen filin suke rubuta shi. Tsawon filin mita 259 ne, da ƙofar shiga da ta fita, da ƙwallaye shida masu iyo, uku a dama uku a hagu, kowacce tana nesa da tsakiyar hanyar jirgi da mita 11.5. Ana ƙara gudun jirgi da kilomita 3 a sa'a duk lokacin da mutum ya zagaye ƙwallayen shida, har a kai iyaka, wato kilomita 58 a sa'a ga manyan maza da 55 ga mata, bisa ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, IWWF. Daga nan sai a fara rage igiya: daga mita 18.25 zuwa 16, sai 14.25, sai 13, sai 12, sai 11.25, haka har ƙasa. Idan aka lura, igiyar mita 11.25 ba ta ma kai inda ƙwallon take ba, sai mutum ya cike giɓin da tsawon hannunsa da jikinsa. A shekarar 2013 Nate Smith na Amurka ya kafa tarihin duniya da ƙwallo biyu da rabi a igiyar mita 9.75.

Saboda haka idan aka ce an yi wani allo domin gudun 55 zuwa 58 da gajeriyar igiya, ana nufin wannan hali ne na matsi. Wanda yake tafiya a gudun 46 da cikakkiyar igiya a buɗaɗɗen tafki yana wata duniya ce dabam, kuma allon da zai yi masa daɗi dabam ne.

Wane tsawo ya dace da ni?

Abu biyu ne suke yanke wannan hukunci: nauyin jiki da gudun da ake jan mutum da shi. Tsayin mutum ba shi da tasiri sosai. Allo yana ɗaukar mutum ne da faɗin fuskarsa da ke kan ruwa, kuma gwargwadon gudun jirgi gwargwadon ƙarfin da ruwa yake tura allon sama da shi, don haka mai nauyi ko mai tafiya a hankali yana bukatar allo babba, mara nauyi ko mai gudu sosai kuwa ƙarami ya ishe shi.

Da inci ake auna allunan ko'ina. A ƙiyasce, inci 65 yakan dace da mai nauyin kilo 55 zuwa 70, inci 67 da mai kilo 70 zuwa 90, inci 69 kuwa da wanda ya haura 90. Kowane kamfani yana da jadawalinsa, kuma jadawalin allon da za a saya shi ne abin bi, domin inci 67 na allo mai faɗi ya fi inci 67 na siririn allo ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Idan nauyin mutum ya faɗi a kan iyakar tsawo biyu, ya dubi gudunsa: in ƙasa da kilomita 52 yake tafiya, ya ɗauki babban, in kuwa ya kai 55 ko 58, ƙaramin zai fi juya masa. Kuma a hau sikeli a ga nauyin yau, kada a yi lissafi da nauyin da ake fatan komawa bayan wata uku.

Allon da ya yi wa mutum ƙanƙanta yana nutsewa, yana jan ruwa, tashi daga cikin ruwa ya zama wahala, hannu ya gaji tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya yi masa girma kuwa yana da daɗin tashi, amma yakan ƙi rage gudu a lokacin juyawa, sai mutum ya ga ya wuce inda ya so ya juya.

Tun da ina da halin saye, me zai hana in ɗauki allon da zakaru suke hawa?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi cin kuɗi. Allon zakaru siriri ne, mai tauri, mara nauyi, yana amsa duk wani motsi na jiki nan take, mai kyau da mara kyau. A ƙarƙashin ƙwararre wannan alheri ne. A ƙarƙashin wanda har yanzu yake jingina nauyinsa a ƙafar baya, ko yake jan mariƙin igiya zuwa ƙirjinsa, allon zai riƙa hukunta shi a kowace juyawa, kuma a gudun 46 ba zai ma tashi sama yadda ya kamata ba.

Kamfanoni irin su HO da Radar da Connelly da O'Brien sukan fitar da alluna hawa-hawa. Akwai mai faɗi sosai domin gudun 40 zuwa 48, akwai matsakaici wanda ya ɗara na gasa faɗi kaɗan domin 48 zuwa 55, sannan na gasa. A ganina matsakaicin nan shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu tambaya, har da waɗanda suka fara shiga fili, domin siffarsa takan yi kusa da ta na gasa, amma yana yafe kuskure, kuma mutum zai iya shekaru a kansa kafin ya fi ƙarfinsa.

Da me ake yin allon, kuma bambancin yana da muhimmanci?

A ciki akwai ɓargo na wani irin soso mai tauri, a waje kuma an naɗe shi da zaren gilashi ko zaren kabon, ko duka biyun. Ɓargon foliyuretan ya fi nauyi, yana shanye girgiza, shi ya sa yake da daɗi a ruwan da iska ta dama. Ɓargon PVC ya fi sauƙin nauyi da saurin amsawa. Zaren kabon, wanda kamfanin Goode ya yi fice da shi tun a shekarun 1990, yana sa allo ya lanƙwashe ya koma daidai da sauri, kuma ya daɗe bai saki ba. Ga mai koyo, tsawo da faɗi sun fi wannan bambanci tasiri ƙwarai.

Me ake nufi da kwarmi da gefe da lanƙwasa?

Idan aka kifa allo aka dubi cikinsa, za a ga kwarmi ya bi tsawonsa. A wasu allunan kwarmin ya kama daga gefe zuwa gefe, wanda yake sa allo ya zauna cikin ruwa sosai, ya riƙe gefe da ƙarfi lokacin tsallake taguwar jirgi. A wasu kuma kwarmin yana tsakiya ne kawai, da shimfiɗaɗɗen wuri a kowane ɓangare, irin wannan ya fi zama daram idan ana tafiya kai tsaye, shi ya sa ake yi wa masu koyo shi. Gefen da ke tsakanin ciki da bango kuwa an ɗan share shi: in shararren ya yi faɗi da santsi, allo yakan nutse kaɗan ya kwanta a gefe cikin sauƙi, in kuwa ya yi kaifi, allon yakan hau sama ya yi gudu. Lanƙwasa ita ce tanƙwarar allon daga kai zuwa wutsiya. Mai yawan lanƙwasa yana juyawa a ƙuntataccen wuri, mai ƙarancinta yana da gudu a miƙe. Duk waɗannan an riga an gina su a jikin allon, babu abin da mai saye zai canza a ciki, kuma kada a kusanci gefen allo da takardar goge katako da sunan gyara.

Wace ƙafa zan sa a gaba?

Hanyar da ta fi inganci ita ce a gwada a ruwa: a kan alluna biyu, a ɗaga ɗaya na ɗan lokaci, sannan a ɗaga ɗayan, ƙafar da aka fi samun natsuwa a kanta ita ce ta gaba. Kasancewar mutum bahago ko badame ba ya yanke hukunci a nan. Da zarar an zaɓa, kowa yana samun ɓangare mai sauƙi da mai wuya, domin ƙugu yakan karkata gefe guda. Mai ƙafar hagu a gaba, juyawa zuwa hagu ta fi zo masa da sauƙi, wato a ƙwallo ta 1 da ta 3 da ta 5; mai ƙafar dama a gaba kuwa a ta 2 da ta 4 da ta 6. Yana da kyau a san wannan tun da wuri, domin idan aka zo gyaran wuƙar wutsiya, da ɓangaren sauƙi da ɓangaren wuya ake bayyana matsala. Sannan takalman zamani da yawa akwai na hagu akwai na dama, sai a tabbatar kafin a saya.

Takalma iri nawa ne, kuma wanne ya fi?

Kusan iri uku ne. Na farko shi ne na roba zalla, wanda ake naɗe ƙafa da falle-fallen roba mai kauri. Shi ne tsohon yayi, kuma har gobe akwai ƙwararrun da ba su bar shi ba. Yana matse ƙafa sosai, ana bukatar abin santsi kafin a shiga, yakan sa ƙafa ta yi sanyi ko ta ɗaure bayan 'yan mintoci, amma idan aka faɗi robar takan miƙe ta saki ƙafar. Na biyu shi ne mai laushi da igiyar ɗauri, sau da yawa da wata safa mai kauri a ciki. Ya fi daɗin sawa, kuma a yawancinsu igiyar sama mai talewa ce da gangan, domin diddige ya samu hanyar fita. Na uku shi ne mai ƙoƙon roba mai tauri irin na takalmin taya, wanda ƙafa ba ta fita daga cikinsa. Takalmin gaba ɗaya ne yake rabuwa da allon ta hanyar wani makulli mai sifirin a bayan diddige, kamar yadda kamfanin Reflex na Faransa yake yi, ko kuma farantin da takalman suke kai ya ɓalle daga allon.

Gwargwadon taurin takalmi gwargwadon yadda motsin ƙwauri yake isa gefen allo kai tsaye. Shi ya sa mai tauri yake ba da iko, shi ya sa kuma yake tona asirin duk wata rawar ƙafa. Wanda bai kai ga zagaye ƙwallaye shida a gudunsa na ƙarshe ba, mai laushi ko na roba ya wadatar da shi. Makullin mai tauri yana bukatar mai shi ya fahimce shi, ya daidaita ƙarfinsa da nauyin jikinsa, ya kuma riƙa duba shi kullum, kuma wanda ba zai yi wannan hidima ba gara ya bar shi.

Ko wane iri aka zaɓa, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta yaya ƙafa za ta rabu da allo idan aka faɗi. Mai zamiya yakan tsallake taguwar jirgi da gudun da ya zarce na jirgin sosai, kuma idan kan allo ya cake a ruwa, allon yakan tsaya cak alhali jiki yana ci gaba. Idon sawu da agara su ne suke biyan bashin in takalmi ya ƙi saki.

A baya fa: cikakken takalmi ko mazurarin yatsu?

Mazurarin yatsu faranti ne mai madaurin roba guda, ana zura gaban ƙafa kawai, diddige yana sake. Amfaninsa shi ne ƙugu yana samun walwala, yana da sauƙi a kawo nauyi kan ƙafar gaba, kuma mai koyo zai iya tashi daga ruwa da ƙafar baya a waje tana ja kamar matuƙi, sannan ya zura ta bayan ya miƙe. Cikakken takalmi a baya yana ba da jin cewa an haɗe da allo, amma yana jarabtar mutum ya jingina baya, kuma dole a tashi da ƙafafu biyu a ciki. Akwai zakarun duniya a kowane ɓangare, don haka ba a cewa wannan na ƙwararru ne wancan na masu koyo.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne haɗin. Mummunan yanayi shi ne ƙafa ɗaya ta fita ɗayar ta maƙale, domin a lokacin allon yakan zama doguwar sanda mai murɗa ƙafar da ta rage. Wanda yake amfani da mazurarin yatsu ya sani cewa ƙafar baya za ta fita a kusan kowace faɗuwa, saboda haka dole takalmin gaba ya kasance mai saki ba gardama. Mai takalma biyu kuma ya tabbatar suna saki da ƙarfi kusan ɗaya, kada a haɗa tsohon da ya saki jiki da sabon da yake damƙe ƙafa.

Yaya matsewar takalmi ya kamata ta kasance, kuma ta yaya zan gwada sakinsa?

Yatsu su kai kusa da ƙarshen takalmin ba tare da sun naɗe ba, ƙafa kada ta yi lilo hagu da dama, diddige ya zauna a ƙasa idan an durƙusa gwiwa gaba. Idan ƙafa ta sage tun kafin a gama zagaye na biyu, ya matse da yawa.

Gwajin saki kuwa a kan dandamalin bakin ruwa ake yinsa, kafin a shiga. A jiƙa takalmin da ƙafar, a sa, a ɗaure daidai yadda za a ɗaure a ruwa. Wani ya taka wutsiyar allon da ƙafarsa ya danne. Mai takalmin ya dafa kafaɗar wani ko ya riƙe wani abu a gabansa, ya tura gwiwa gaba, ya ɗaga diddige da ƙarfi kamar wanda zai faɗi ta fuska. Ya kamata a ji takalmin ya ɗan yi gardama, sannan diddige ya suɓuce, ko makullin ya buɗe da ƙara. Idan sai an kwance igiya kafin ƙafa ta fita, to a ruwa ma ba za ta fita ba. Na taɓa ganin wanda ya cire igiyar sama mai talewa ya sa igiyar takalmin gudu a madadinta, wai don ta fi riƙewa. Da aka yi masa wannan gwaji mutum biyu suka kasa zare ƙafarsa, shi da kansa ya zauna ya mayar da ta asali.

Wajen abin santsi, a yi amfani da wanda aka yi domin takalman, ko ɗan sabulun ruwa da aka tsarma, wanda zai wanke da zarar an shiga ruwa. Mai da man shafawa suna lalata roba, kuma santsinsu ba ya tafiya, sai ƙafa ta fita a inda ba a so.

A ina zan ɗaura takalmin gaba a kan allo?

Kowane kamfani yana ba da lamba ga kowane allo da kowane tsawo, kuma ana auna ta daga ƙarshen wutsiyar allo zuwa bayan diddigen takalmin gaba. A allon inci 67 lambar takan faɗi tsakanin inci 29 da 30. A sa tef ɗin awo a auna, kada a dogara da cewa ramin tsakiya na faranti shi ne daidai, musamman idan takalmin da allon ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Takalmin baya kuma a matso da shi har yatsun ƙafar baya su kusa taɓa diddigen gaba, domin tazara mai yawa tana raba nauyi biyu, ta sa ƙugu ya koma baya. Wasu sukan ɗan karkatar da takalmin baya zuwa wajen ƙaramin yatsa domin gwiwa ta huta, kuma babu laifi a hakan in kaɗan ne.

Matsar da takalma gaba yana ƙara yawan allon da ke cikin ruwa: juyawa takan yi santsi da faɗi, amma in ya yi yawa kan allo yakan cije ruwa farat ɗaya, jikin mutum ya lanƙwashe gaba daga ƙugu. Matsar da su baya yana ɗaga kai, allo ya juya da kaifi, amma in ya yi yawa sai ya riƙa miƙewa tsaye a ƙarshen juyawa. Inci ɗaya bisa takwas ya isa a ji bambanci. Game da sukurori, a yi amfani da masu tsawon da aka tanada, domin dogon sukuru yakan tura mazauninsa ko ya huda allo, kuma a fara ɗaura su da hannu kafin a ƙarasa da sukundireba, ban da injin ɗauri.

Wuƙar wutsiya fa, in taɓa ta ko in bar ta?

A auna ta, amma kada a yi gaggawar canza ta. Sabon allo ba lallai ne ya iso da wuƙarsa a kan lambobin kamfani ba, don haka aikin farko shi ne a mayar da ita kan waɗannan lambobi. Awo uku ne: zurfi, wato yadda ta leƙo daga cikin allo, wanda yakan kasance wajen inci 2.5, tsawo, wato tsawon ɓangaren da ya fito, wanda yakan yi kusa da inci 6.9, da nisa daga wutsiya, wajen inci 0.75. Ana auna su da ma'auni mai muƙamuƙi biyu irin na masu aikin ƙarfe, wanda yake nuna kashi ɗaya bisa dubu na inci, kuma gyara guda bai cika wuce 0.005 zuwa 0.010 ba. Kaurin takardar rubutu wajen 0.004 ne, daga nan za a gane irin ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Akwai tarko a wajen awon kansa. Wasu suna auna tsawo da tsinin muƙamuƙan ma'auni, wasu da cikinsu, kuma lambobin da za su fito ba ɗaya ba ne. Haka nisa daga wutsiya yana da hanya fiye da ɗaya. Duk lambar da aka karɓa daga kamfani ko daga wani, a tambayi yadda aka auna ta. Sannan a kifa allon a kan abu mai laushi, a sassauta sukurorin da ke damƙe wuƙar kaɗan kawai, a motsa ta da ƙananan sukurorin saiti, a ɗaure, a sake auna duka ukun, domin taɓa ɗaya yakan gusar da sauran, kuma ɗaurin kansa yakan motsa ta.

Tasirinsu a taƙaice shi ne: ƙarin zurfi yana kafe wutsiya, allo ya natsu amma ya yi nauyin juyawa, ragin zurfi kuwa yana sauƙaƙa juyawa har ya kai wutsiya ta fara fita daga ruwa. Ƙarin tsawo yana jawo kan allo ƙasa, musamman a ɓangaren wuya, raginsa yana ɗaga shi. Matsar da wuƙar gaba yana sa allo ya yi kamar ya gajarta, ya juya a ƙuntace, matsar da ita baya yana faɗaɗa juyawar ya ƙara natsuwa.

Ƙaramin fiffiken da ke jikin wuƙar mene ne aikinsa?

Birki ne. Yana rage gudun allo yayin da ake tunkarar ƙwallo, yana kuma taimakawa wajen riƙe wutsiya a ƙasa. Ana saita shi da ma'aunin kusurwa, yawanci tsakanin digiri 7 da 9, kuma ƙarin digiri ƙarin birki ne. Wanda yake ƙasa da gudun 50 da doguwar igiya gudu yake nema, bai da rarar da zai rage, don haka masu horarwa da yawa sukan ce a cire fiffiken a ajiye har sai an fara rage igiya.

Allona yana yin abin da ban so. Daga ina zan fara gyara?

Daga kanka. A sa wanda ke cikin jirgi ya ɗauki bidiyo, a duba ko nauyi yana kan ƙafar gaba, ko ƙugu yana kusa da mariƙi, ko hannaye a miƙe suke. Kan allo da yake tashi sama a ƙarshen juyawa, sau da yawa mutum ne ya zauna a ƙafar baya, kuma babu lambar wuƙa da za ta warkar da hakan. Idan matsalar tana nan kullum, a ruwa mai kwanciya, a ranar da jiki yake da ƙarfi, sai a bi tsari: a tabbatar komai yana kan lambobin kamfani, a fara da matsayin takalma, sannan fiffike, wuƙa ta zo ƙarshe. A canza abu ɗaya tak, a hau sau biyu ko uku kafin a yanke hukunci, a rubuta kwanan wata da lambobin da abin da aka ji a ɗan littafi. Wanda ya canza abu uku a rana ɗaya, ko allon ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba, in kuma ya lalace ba zai san hanyar komawa ba.

Zan iya sayen allo na hannu?

Ƙwarai, kuma ga mai farawa wannan dabara ce mai kyau. A duba gefuna ko akwai inda fatar sama ta fara rabuwa da ta ƙasa, a duba tsakanin takalma biyu da gaban takalmin gaba ko akwai tsaga ko layin karaya, domin nan ne allo yake shan nauyi. A gwada kowane mazaunin sukuru a ga ba ya juyawa tare da sukurun, a hango wuƙar daga baya a ga ba ta lanƙwashe ba. Allon da launinsa ya ƙoƙe ya sha rana, kuma zafi yana raunana shi. Takalma kuwa gara a sayi sababbi, domin roba tana bushewa da shekaru, tana tsagewa, kuma tsohon takalmi ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani.

Wace igiya ta dace, kuma yaya zan kula da kayan?

Igiyar silalom tana da ɗan talewa kaɗan domin ta shanye fizga, kuma an raba ta gaɓa-gaɓa da launuka: ja a mita 18.25, ruwan lemo a 16, rawaya a 14.25, kore a 13, shuɗi a 12. Igiyar da aka yi wa wasan allon tsalle, wato wakeboard, ba ta talewa ko kaɗan, kuma amfani da ita a nan yana cutar da gwiwar hannu da baya. Rigar kariya mai kama jiki da safar hannu suna cikin kayan aiki, haka mutum na biyu a jirgi wanda idonsa yake kan mai zamiya.

Bayan an fito, a ɗauraye allo da takalma da ruwa mai daɗi, musamman in a ruwan gishiri aka shiga, domin gishiri yana cin wurin da sukurun ƙarfe ya haɗu da farantin alminiyam har su manne. A bar su su bushe a inuwa kafin a sa a jaka, kada a bar allo a rufaffiyar mota cikin rana, kuma a sa wa wuƙar murfinta domin ɗan bugu kaɗan yana gusar da awon da aka sha wahalar saitawa. Kafin kowace shiga ruwa a bi sukurorin takalma ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, domin girgizar tsallake taguwar jirgi tana sassauta su a hankali, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara a kwance su gaba ɗaya, a goge, a mayar.